Juma'ar da Motar Alhaji Mudi Ba Ta Zo Ba

Tun da na dawo daga ƙasar Sin ba a bar ni na huta ba. A masallaci a tare ni, a kasuwar kifi a tare ni, har matar ƙanena sai da ta aiko a tambaye ni wai yaya na samu jirgin ruwan nan da na ishi mutanen Yauri da labarinsa. Kowa sai in ce masa sai mun zauna, don in na fara maganar a tsaye raina ɓaci yake yi, murya ta tashi, masu wucewa su ɗauka faɗa nake. To yau ga shi na zauna. Wanda ya karanta ya gaya wa wanda bai karanta ba, kada a sake tare ni a hanya.

Ga wanda bai san ni ba, ni Basarke ne, jinin masunta, a cikin jirgi na buɗe ido. Sana'ata sayo raga da injin jirgi daga Guangzhou, wadda mu 'yan kasuwa muke ce wa Gwanzu. Kafin annobar korona na kama ɗaki a Panyu, can kudancin birnin, saboda haya ta fi sauƙi, kuma masana'antar ragar da nake hulɗa da ita tana nan kusa. Bayan unguwar akwai ƙorama, irin waɗanda suka ratsa tsakanin gidajensu kamar lunguna. A bakinta na fara ganin Baba Liyang, wani tsoho masunci, yana fama da wani tsohon jirgin katako da ke yoyo. Na tsaya ina kallo har hannuna ya fara ƙaiƙayi, na cire takalmi na sauka. Shi yaren ƙauyensu kawai yake ji, ni kuwa Sinancina bai wuce gaisuwa da "nawa" da "ya yi tsada" ba. Amma da ya miƙo mini guduma ya ga yadda na riƙe ta, magana ta ƙare.

Jirgin nan daga baya na saye shi a hannunsa, muka gyara shi tare, katako bayan katako. Baƙo ba ya mallakar jirgi a can, don haka da sunan tsohon yake a wurin hukuma. In na gama yawon masana'antu, kaina ya cika da hayaniyar ciniki, sai in kwance shi in tuƙa har inda gidaje suka ƙare, gonakin ayaba suka fara. A duk faɗin Gwanzu nan ne kaɗai nake jin ni ɗan babana ne. Mutanenmu suka sa mini Sarkin Ruwan Panyu, da tsiya suka sa, ni kuma na amsa.

Da zan zo gida duba jikin mahaifiyata, da niyyar in yi wata guda in koma, sai na bar wa 'yar tsohon, Afong, lambar Alhaji Mudi. Alhaji Mudi Bakano ne, ofishinsa yana benen Tiyanshu a unguwar Shawbe inda mutanenmu suka fi yawa. Shi ke loda mini kaya a kwantena, yana da sito babba kusa da tashar jiragen ruwa ta Huangpu. Na ce da ita duk abin da ya taso game da jirgi ta kira shi, wakilina ne. Na ce da shi ga amana. Ya dafa ƙirji ya ce, "Haba Sarki, ai an gama."

Sauran kun sani. Aka rufe ƙasa, wata guda ya zama shekara uku da ɗoriya. Layin wayata na can ya mutu, manhajar da suke magana da ita ta kulle ni waje, tsohon kuwa dama ba ya riƙe waya. Alhaji Mudi ne kaɗai idona. Duk sanda na kira shi, bayan gaisuwa sai in ce yaya jirgi, shi kuma ya ce, "Yana nan, Sarki. Kwanan nan ma na sa aka duba."

Da aka buɗe hanya na yi sintirin Abuja neman biza har direbobin tasha suka fara tambayata ko aiki na samu a can. Muka tashi ta Addis Ababa. Maƙwabcina a jirgin sama wani mai sayar da takalma ne daga Aba, ya kwashe tafiyar yana barci a kafaɗata, na ture shi ya dawo, na sake ture shi ya sake dawowa, ƙarshe na bar masa ita. A filin jirgin Gwanzu aka ce sai mun amsa tambayoyin lafiya a waya kafin mu wuce, wayata kuwa ta ƙi kama komai. Na tsaya gefe kamar wanda ya zo biki ba gayyata, sai da wata 'yar Ghana ta tausaya ta yi mini a tata.

A waje na miƙa wa mai tasi kuɗin takarda, ya kalle su kamar na miƙa masa ganyen kuka. Yanzu ko ruwan sha za ka saya sai dai ka haska waya. Masauki kuma, na farko da na shiga yarinyar ta ɗago ta ga fuskata ta ce "meyo", wato babu. Na biyu ma meyo, alhali ina tsaye wani ya shigo bayana aka ba shi makulli. A Yauri ko Bature ya sauka da jakarsa da rana tsaka, ba za a rasa mai buɗe masa zaure ba, a kawo masa fura kafin a tambayi sunansa. Raina ya ɓaci, amma na haɗiye, na ce ai ba don su na zo ba. Gobe war haka ina kan ruwa.

Alhaji Mudi ne ya zo ya ɗauke ni ya kai ni wani masauki da ke karɓar irinmu. Ya rame, furfura ta cika masa gemu, amma tarbar da ya yi mini ko alhajin da ya dawo daga Makka albarka. Ya haye da ni can saman wani bene inda wata Bazabarma take tuƙa tuwon shinkafa da miyar kuka a ɗakin kwananta. Na ci na gode, na ce gobe da safe sai Panyu.

"Gobe kuma? Haba Sarki, ka huta mana. Gobe akwai sunan ɗan Alhaji Sani, ya ce lallai da kai."

Na je suna. Washegari wai an kawo wani sabon injin jirgi da ba ya shan mai, dole in gani. Wanshekare walimar wani da ya sauke kwantena lafiya. Ni da na yi shekaru a garin nan ba wanda ya taɓa saya mini ko ruwan leda, yau kowa rububin ciyar da ni yake. Kuma duk sanda na ambaci Panyu sai hira ta mutu, wannan ya duba waya, wancan ya tuna bai yi la'asar ba. Ruwa ba ya tsami banza.

A wurin walimar ne Isuhu, wani ɗan Maraɗi mai sayen atamfa, ya ajiye cokali ya dube ni.

"Walahi Sarki, ni ban iya wanga abu. Tahi Panyu da kanka, ka gani da idonka."

Alhaji Mudi ya galla masa harara. "Kai Isuhu, ci abincinka mana."

"Ina ci, maigida. Amma abin ga bai da kyau."

Na ture kwanon gefe. Na wanke hannu, na sa takalmi, na gangara na shiga jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa. Duk tunanina bai wuce ko an sace shi ba, ko ya nutse. Nutsewa ba komai ba ce a wurin Basarke, a tsamo a kwashe ruwa.

Da na fito a Panyu sai da na yi zaton tashar na ɓata. Ƙoramar tana nan, amma ba jirgi ko ɗaya a kanta. Bakin ruwan da muke sauka cikin taɓo an zuba masa kankare, an shimfiɗa duwatsu masu faɗi, an kafa ƙarfen dafawa da fitilu da kujeru. Wasu tsofaffin mata sun yi sahu suna motsa jiki, rediyo tana yi musu kiɗa. Na yi sama na yi ƙasa, ko turken da muke ɗaure igiya ban gani ba. Wata mai sayar da kifi ce ta gane ni, ta tafa hannu tana kiran "lawoban, lawoban", wato maigida, ta ɗauko waya ta kira Afong.

Afong ta iso da rigar wurin aikinta. Tana jin Turanci saboda a sashen hulɗa da baƙi take a wata masana'anta. Ta gaishe ni a taƙaice, ba fara'a, ta yi gaba na bi ta. Muka je daidai wata kujera kusa da inda matan nan ke rawarsu, ta tsaya ta nuna ƙasa da yatsa.

"Ga jirginka."

Na duba ruwa. Ta ce a'a, ta buga ƙafarta a kan dutsen da nake tsaye.

Ga yadda abin ya faru, kamar yadda ta ba ni. Lokacin kulle hukuma ta ce a kwashe jirage daga ƙorama, wanda aka samu za a farfasa. Su kuwa mutanen wurin suna da wata dabara. Dogayen jiragen da suke tsere da su sau ɗaya a shekara, in an gama sai su binne su cikin taɓon bakin ruwa, taɓon ya hana iska da rana taɓa katakon, shekara ta zagayo su tono abinsu garau. Mu a gida nutsar da jirgi muke yi a ruwa marar zurfi kada ya tsage, amma binnewa ban taɓa ji ba, kuma na yarda sun fi mu a nan. Baba Liyang ya tara danginsa suka binne nawa, ya bi da ƙafa ya danne taɓon da kansa. Su kuma aka tashe su daga bakin ruwa aka ba su ɗaki a saman bene.

Can daga baya aka sanar za a zuba kankare a bakin ƙoramar. Dole a tono jirgin a kai shi wani wuri, tsohon kuwa ba shi da ko tsakar gida. Abin da ake bukata mota ce da kusurwar da za a jingine shi. Afong ta kira Alhaji Mudi ta yi masa bayani. Ya ce ba matsala, ranar Juma'a zai turo mota a kai shi sitonsa. Ta ce ya gaya mini, ya ce ai ya riga ya gaya mini, ina gaisuwa.

Ranar Juma'a tsohon ya tara mutane tun da safe. Suka shiga taɓo har ƙugu, suka tono jirgin, suka wanke shi. Ta ce katakon ya fito sumul, ko tsaga babu. Uwarta ta dafa kifi da shinkafa, ta ware tukunya dabam da ba a taɓa sa naman alade a ciki ba, saboda baƙin da za su zo Musulmi ne. Suka zauna suna duban hanya har rana ta faɗi. Wayar Alhaji a kashe. Barin jirgin a fili kuwa daidai yake da miƙa shi ga masu farfasawa, don haka suka mayar da shi rami suka rufe. Da ta same shi daga baya ya ba da haƙuri, ya ce Juma'a mai zuwa insha Allahu. Suka sake tonowa. Suka sake mayarwa. Bayan nan motocin kankare suka iso.

Na ce ina Baban yake.

Ta ce ya rasu da sanyin da ya biyo baya, lokacin da cutar ta bi gari gida-gida. Sannan ta ce, "Ya ce ƙila ka gaji da jirgin ne, kunya ta hana ka faɗa. Ya ce kada mu ga laifinka."

Jama'a, na sha ɓacin rai a duniya, amma irin na ranar nan ban taɓa ji ba. Na zauna a kan kujerar, kiɗan matan nan yana ta tashi a kaina. Kun san abin da ya fi ƙona ni? Masana'antar ragar da nake saye a wurinta, tsakaninta da kujerar nan bai fi a yi kira a ji ba. Mai ita yana da fili da motoci, lambarsa tana cikin wayata, duk shekarun nan muna ciniki daga nesa. Da Alhaji Mudi ya buɗe baki ya ce mini ga halin da ake ciki, kira ɗaya zan yi daga Yauri a ɗauke jirgin kafin azahar.

Ban koma masauki ba, benen Tiyanshu na nufa. Na same shi a ofis da mutum uku ko huɗu, yana ganina ya san na je.

"Sarki, zauna tukuna. Ka san halin da muka shiga a garin nan kuwa? Farkon abin nan korar mu aka yi daga gidajen haya, da jakata na kwana a bakin titi. Lokacin da yarinyar nan ta kira ni an kewaye unguwarmu da shinge, ko ƙofar bene ba a bari mu fita. Da wace ƙafar zan je? Da wace motar?"

Na ce, "Allah ya sani ban raina wahalarka ba. Ba ka iya zuwa ba, na ji. Me ya hana ka ce mata ba za ka iya ba?"

"Tsoho ne fa ya sa 'yarsa ta roƙe ni. Ya zan dubi girmansa in ce a'a? Na ɗauka za a buɗe kafin Juma'ar."

"To ni fa? Ni ma tsoho ne?"

"Haba Sarki! Kana can kana jinyar Hajiya, kasuwa ta tsaya, sai in ɗora maka wannan? Ina mutunci a nan?"

Sauran suka kama masa. Wannan ya ce ai don ni ya yi. Wancan ya ce a yi haƙuri, katako ne fa, ba rai ba. Wato dukansu sun sani, kuma dukansu sun haɗa baki sun rufe ni, sun bi ni da tuwo kamar yaron da ake lallashi.

Ni ba baƙon wannan al'ada ba ne, cikinta na tashi. Mutum yana nesa a yi masa rasuwa, a ce masa jiki ya yi tsanani ya zo, sai ya iso ya ga tabarmi a ƙofar gida. Wannan na fahimta, domin wanda ya mutu ko an faɗa ko an ɓoye ba zai tashi ba. Amma abin da yake da sauran magani, ka ɓoye wa mai shi har maganin ya wuce, sannan ka ce tausayi ne? Kanka ka ji wa tausayi, don kada bakinka ya ɗauki magana mai nauyi. Mun mayar da "ba matsala" da "insha Allahu" mayafin da muke rufe a'a da shi. A tsakaninmu kowa ya san yadda ake jin a'ar daga sautin murya. Tsohon nan bai sani ba. Aka ce masa Juma'a, ya ɗauka Juma'a ake nufi, ya sa 'yan'uwansa cikin taɓo har sau biyu.

Duk wannan na faɗa musu, da murya wadda 'yan ofisoshin maƙwabta suka leƙo. Sannan na ce da Alhaji Mudi ba na son ya biya ni komai, abu ɗaya nake so. Gobe zai bi ni Panyu ya tsaya gaban matar tsohon ya faɗa da bakinsa cewa bai taɓa gaya mini ba. Ya ce haba, wannan ai tozarci ne, a bar kaza cikin gashinta. Na ce ko ya bi ni, ko daga yau in nemi wani mai loda kaya, kuma duk wanda ya tambaye ni dalili daga nan har Kantin Kwari zan gaya masa. Isuhu, wanda ya shigo ana tsakiyar rigimar, ya ce, "Alhaji, tahi. Ni ma ina rakiya."

Washegari muka tafi mu uku. Alhaji ya sha farar shadda. Na bi da shi ta bakin ƙoramar da gangan, na tsayar da shi a kan dutsen, na ce ya duba ƙarƙashin takalminsa. Bai duba ba.

Ɗakin tsohuwar ɗan ƙarami ne, can sama, ta taga ana hango ruwan. A kan wani kanta an kafa hoton Baba Liyang da hularsa ta kaba, an ajiye lemo a gabansa. Tsohuwar ta tsaya tana kallonmu, hannayenta a naɗe. Alhaji ya fara da doguwar gaisuwa da ta'aziyya, ya shiga labarin shinge da wahalar kulle. Na ce masa ba wannan ya kawo mu ba. Ya share gumi, ya sunkuyar da kai, ya ce da Afong cikin Turanci, "Ban gaya masa ba. Ko sau ɗaya. Ce masa nake jirgin yana nan."

Afong ta juya wa uwarta. Tsohuwar ta dubi Alhaji, ta daɗe tana dubansa, sannan ta dube ni. Daga nan ta juya. Ta je gaban hoton ta kunna tsinken turare, ta riƙe shi da hannu biyu, ta shiga magana da mijinta da muryar da ake yi wa wanda ke zaune a ɗaki, har da ɗan faɗa-faɗa a ciki. Wannan ba hanyarmu ba ce, don haka na ja gefe na tsaya bakin ƙofa. Amma ban fita ba sai da ta gama.

Na tambayi Afong a hankali me ta ce.

"Ta ce masa ba ka gaji da jirgin ba. Ba ka sani ba ne. Ta ce dama ta gaya masa, shi ne bai ji ba."

Tsohuwar ta soke turaren a mazauninsa, ta share ido da bayan hannu, ta ɗauko butar shayi. Kofi uku ta jera, har da na Alhaji Mudi. Ni da Isuhu muka sha namu. Nasa yana nan a gabansa har muka tashi, bai iya ɗauka ba.